Fulogi Mai Lanƙwasa Ya Fi Dacewa da Ƙaramin Ɗaki



Yau zancenmu a kan ƙaramin abu ne, amma yana iya cinye gida. Shi ne fulogi, wato kan wayar wuta mai ƙafafu wanda muke sokawa a soket. Ko wutarku ta janareto ce, ko ta sola, ko ta layi da har yau muke kira Nepa, maganar ta shafe ku.

Ɗakunanmu ƙanana ne. Ga gado, ga akwati, ga kabad ɗin kwanoni. Rashin zaman lafiya a ƙasar Sabon Birni da Isa kuma ya sa iyalai da yawa sun taru a ɗaki ɗaya. Saboda haka sau da yawa soket yana bayan gado ko bayan kabad, inda hannu ke shiga da ƙyar.

Fulogi iri biyu muke gani a kasuwanninmu. Na farko mai ƙafa biyu ne siri-siri, irin na ƙasashen Turai, wanda ake amfani da shi a Nijar. Da yake muna bakin iyaka, kayan da ke shigowa ta Maraɗi da irinsa suke zuwa. Galibi wayarsa tana fitowa a miƙe daga baya, kamar wutsiya. Na biyu mai ƙafa uku ne, irin na Ingila, wanda aka fito da shi a 1947. Shi ne ya dace da yawancin soket na Nijeriya. Wayarsa ta ƙasa take fitowa, ta bi jikin bango. Shi nake kira mai lanƙwasa.

To, mene ne aibin miƙaƙƙen a wuri matsattse? A cikin robar waya akwai siraran zare na jan ƙarfe masu yawa. Idan aka tura gado ya danne wayar, sai ta karye a wuya. Zaren nan su riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya gani. Kaɗan da suka rage su ne za su ɗauki dukan wutar, sai su yi zafi. Haka kuma dannewar tana sa fulogi ya yi sako-sako, ya riƙa tartsatsi. Wutar gida bolt 230 ce. Idan tartsatsi ya haɗu da katifa ko labule, musamman da hunturu, sai dai Allah ya kiyaye.

Na taɓa ganin haka a gidan wani ɗan'uwana. Uwargida ta yi kwana uku tana jin ƙaurin roba. Da muka janye gado, sai ga wayar fanka ta narke, bango ya yi baƙi. Saura ƙiris katifa ta kama, yara kuwa a kanta suke kwana.

Ga abin da za mu yi.

Na ɗaya, idan soket yana lungu, a sa fulogi mai lanƙwasa. Ba sai ka sayi sabuwar fanka ba. Mai gyaran rediyo zai yanke tsohon kan ya ɗaura mai ƙafa uku. Akwai kuma wayar talabijin da ta caji masu lanƙwasasshen kai, ku tambaya a kasuwa.

Na biyu, a bar fili tsakanin gado da bango, ko da faɗin tafin hannu ne.

Na uku, a daina tura tsinke ko makulli a ramin soket na sama don mai ƙafa biyu ya shiga. Ramin nan shi ne ke buɗe ƙofar da ke rufe ramukan ƙasa, wadda aka yi don kare yara. A sayi adafta mai kyau, ko a canja kan.

Na huɗu, ku da kuka iya karatu, ku karanta lambar da ke jikin fis, wato ɗan ƙaramin abin da ke cikin fulogi mai ƙafa uku. Mai lamba 3 na rediyo ne da fanka. Mai lamba 13 na dutsen guga ne da hita. Idan fis ya ƙone, a sayi wani irinsa. Kada a ɗaure shi da waya ko takardar sigari, domin shi ne mai gadin gida.

Na biyar, masu sana'ar cajin waya, ku sani lanƙwasa ba ta maganin lodi. Kada ku haɗa ekstenshan a kan ekstenshan. Ku riƙa taɓa fulogi. In ya yi zafi, ku kashe, ku zare. A kama kan a zare, ban da fizgar waya.

Idan kuwa wuta ta kama, a fara kashe janareto ko makunnin gida. Kada a watsa ruwa alhali wuta na jiki. A zuba yashi.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Yau in kun koma gida, kowa ya janye gadonsa ya duba. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.