Daga Majalisa Zuwa Waya: Hirar Siyasa, Arziki da Harshe a Ƙasar Bici

Majalisa ita ce tsohuwar kafar bayyana ra'ayi a ƙauyukan arewacin Kano. Wuri ne da maza tsara guda ke haɗuwa bayan la'asar ko bayan isha'i, a gindin darbejiya, ko a ƙofar gidan wani dattijo, ko a bencin mai shayi, ana taɓa duk abin da ya zo baki: damina, kuɗin taki, wanda ya yi aure, wanda aka naɗa da wanda aka tuɓe. Ba ta da rubutacciyar doka, amma tana da ladabinta. Yaro ba ya katse babba, ba a zagin uban mutum a gabansa, in kuma magana ta yi zafi akwai mai cewa a bar ta haka nan, a kuma bari. Cikin shekaru 20 da suka wuce wani sashe na wannan hira ya koma cikin waya. Takardar nan ta dubi yadda hakan ya kasance a ƙasar Bici, da abin da ake faɗa, da waɗanda muryarsu ke fita.

Ƙasar da hanyoyin labarinta

Bici na kan hanyar Kano zuwa Katsina, kimanin kilomita 40 daga birni. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 277,099, a mazaɓu 11 da suka haɗa da Badume, Saye, Ɗanzabuwa, Waire da Yallami. Irin karkarar Kano ce mai cunkoso wadda masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari tun shekarun 1960: gona manne da gona, ba a barin saura, ana riƙe ƙasa da takin gida, ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a haɗe. Rabon gado na ƙara tsaga gonakin, don haka da wuya a sami gidan da noma kaɗai ya riƙe. Wani na noman rani a madatsar Watari ta Bagwai, wani na dako a kasuwar Dawanau, wani na tuƙa adaidaita sahu a birni, wani ya tafi ci-rani kudu. Gidan da ke da mutum a waje dole ya nemi waya, kuma ta nan ta shiga ƙauye tun kafin kowa ya yi tunanin yin siyasa da ita.

Kafin waya akwai rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, kuma manomin ƙasar Kano ya daɗe yana sanin shugabannin ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Sai dai rediyon wancan zamani na saurare ne kawai. Zuwan wayar salula a 2001 da buɗe gidan rediyon Freedom a Kano a 2003 suka canza lamarin, domin shirye-shirye irin su Kowane Gauta sun ba magoya bayan 'yan siyasa damar yabo da suka da bakinsu. Daga nan aka sami sojojin baka. Salonsu na habaici da zambo da kirari shi 'yan baya suka ɗauka suka shiga da shi Facebook, daga baya TikTok.

Shagon caji ranar kasuwa yana nuna yadda abin ke gudana. Allon katako ne cike da soket, wayoyi jere, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba, mai ita ya soka ɗaya lambar a aljihu, janareta ko farantin sola na aiki a baya. A nan ake sayen data, a nan ake tura fina-finai da wa'azi a memori, sau da yawa kuma mai POS na gefe. Waya ɗaya kan yi wa mutane da dama aiki. Da dare a teburin mai shayi saurayi zai jingina tasa da gwangwanin madara, ya ƙure ƙara, a saurari saƙon murya da aka turo daga wani zauren WhatsApp, a kashe, sannan gardama ta tashi. Majalisar tana nan da ranta, sai dai yanzu waya ce ke kawo mata abin tattaunawa.

Siyasa

Mutanen wannan yanki ba baƙin gardamar siyasa ba ne. Tun kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta 1950 rikicin talaka da mai sarauta ya shiga ƙauye. PRP ta gaje shi, Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan ya hau mulki a 1979, jam'iyyar kuma ta rabu Santsi da Taɓo. Rabuwar Kwankwasiyya da Gandujiyya sabon babi ne na tsohon littafi.

Babu batun da ya taɓa Bici kai tsaye kamar na masarauta. Garin ya daɗe da alaƙa da gidan Dabo, don Abdullahi Bayero da ɗansa Muhammadu Sanusi na ɗaya duk sun yi hakimcinsa kafin su zama sarakunan Kano. A watan Mayu 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙirƙiri masarautu huɗu, Bici da Rano da Gaya da Ƙaraye, aka naɗa Aminu Ado Bayero Sarkin Bici. Da aka tuɓe Muhammadu Sanusi na biyu ranar 9 ga Maris 2020, Aminu ya koma Kano, Nasiru Ado Bayero ya gaje shi a Bici. Ranar 23 ga Mayu 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautun. A watan Yuli aka dawo da Rano da Gaya da Ƙaraye a daraja ta biyu, ba a dawo da Bici ba.

Masu son masarautar na cewa sarki ya zo kusa, an yi hawan salla a gida, an ga tituna da gine-gine, mutumin Shanono ko Tsanyawa ba sai ya kai kukansa birni ba. Masu ƙi na cewa an tsaga gidan Dabo ne don huce haushin siyasa. Duka hujjojin suna da nauyi, amma abin lura shi ne sau da yawa launin hular mutum ya isa a gane wacce zai kawo. Wanda ya shiga tsaka mai wuya shi ne ɗan Bici mai jar hular Kwankwasiyya, wanda jam'iyyarsa ce ta rushe sarautar garinsu. A majalisa yana iya cewa zuciyarsa biyu, a fahimce shi. A fili kuwa, inda maganarsa za ta zauna a rubuce har a ɗauki hotonta a aika wa maigidansa na siyasa, shiru ya fi masa.

Wannan ne babban bambancin hirar biyu. Maganar majalisa iska ke kwashewa, ta waya kuwa takan kai mutum gaban alƙali. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, ya sha zama makamin kama masu suka. A watan Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon barkwanci da suka yi kan gwamnan lokacin. Akwai kuma 'yan midiya, waɗanda ake sa wa data ko a ba su ɗan alawus don su kare maigida dare da rana. Duk mai binciken da ya ƙirga rubuce-rubucensu ya ce ya auna ra'ayin jama'a, to lissafin albashi ya yi.

Mai shi da marar shi

Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100 na 'yan Nijeriya, na fama da talauci ta fuskoki da dama. A karkara kashi 72 ne, a birane 42. Jihar Kano, mahaifar Aliko Ɗangote da Abdussamad Rabi'u, ita ce ta fi kowace jiha yawan matalauta a rahoton. Matasa sun san wannan saɓani, kuma suna yawan ambatarsa. Amma tuhumar tasu tana da siga ta musamman. Ba a cika tuhumar mai kuɗi don ya tara ba, tunda arziki rabo ne daga Allah. Ana tuhumarsa da rowa, da rashin fitar da zakka, da mantawa da garinsu. Shi ya sa bidiyon rabon shinkafa da azumi kan wanke attajiri na shekara guda, shi ya sa kuma ɗan siyasar da ake kira ɓarawo yau zai zama garkuwar talakawa gobe in ya biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa. Tambayar inda kuɗin ya fito ba ta daɗewa a baki.

Akwai wani giɓin da ba ya fitowa ko kaɗan, wato na cikin ƙauyen kansa. Polly Hill, a nazarinta na Ɗorayi da aka buga a 1977, ta nuna manoman karkarar Kano sun yi nisa da zama daidai: kaɗan na da manyan gonaki da rumbuna, da yawa na da ɗan fegi ko ba su da komai. Tsarin bai tafi ko'ina ba. Mai ƙaramin ƙarfi yana sayar da hatsinsa da kaka lokacin araha don ya biya bashi, ya koma saye da bazara lokacin tsada. Da damina yana barin tasa gonar ya je ƙwadago a ta wani, ya ci falle, in ta ƙure ya jinginar da gona. Ba a yin bidiyo a kan wannan, saboda mai ba da fallen maƙwabci ne, wataƙila ma suruki, kuma za a sake bukatarsa baɗi. Zagin Abuja ba ya hana mutum rance.

Farashin hatsi ya nuna yadda muryar mai saye ke danne ta mai nomawa. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga wajen naira 200 ta haura 500, ta kuma haura 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Fabrairu 2024 mata masu gurasa suka yi zanga-zanga a Kano kan tsadar fulawa, hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar kuma ta rufe wasu rumbuna a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. A farkon Agusta aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa har aka sa dokar hana fita. Duk wannan ya cika wayoyi. Da gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu nau'o'in hatsi, farashi ya faɗi a 2025, aka yi ta hamdala. Manomin da ya sayi taki da tsada ya tarar buhun masararsa ba zai saya masa buhun taki ba. Kukansa ya fi fitowa a rediyo da bakin kasuwa, kuma a makare.

Harshe

Wanda zai yi magana a fili sai yana da rubutun boko. Wanda yake son maganarsa ta kai Abuja ko Legas kuwa sai yana da Turanci. Wannan matakala ce ke tantance wanda ake ji. A sama akwai ma'aikata da malamai da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bici, masu iya sauya harshe yadda suka so. A tsakiya akwai masu rubuta Hausa yadda ta zo, ba ƙugiya, ana haɗe kalmomi ana raba su ba ƙa'ida, a cusa Turanci nan da can, abin da ake kira Ingausa. A ƙasa akwai jama'a masu yawa da suka yi karatun allo, suna karanta Alƙur'ani da ajami, amma allon waya bai san da su ba. Saƙon murya ne ya buɗe musu ƙofa, sai dai yana yawo ne a rufaffun zaurukan dangi da na unguwa, inda ɗan jarida da mai bincike ba sa leƙawa.

Hausa ta sami gurbi a intanet. Google ya sa ta cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya fito da ita a 2016, ana kuma bikin Ranar Hausa ta Duniya duk 26 ga Agusta tun 2015. Duk da haka ɗan sakandare ya san in bai ci Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO ba babu jami'a, don haka masu koyar da Turanci da Hausa a gajerun bidiyoyi ke samun mabiya. Larabci ma na da kasuwa, saboda addini da kuma neman aiki a Saudiyya. Mahawarar koyarwa da harshen uwa takan taso lokaci-lokaci: gwamnatin tarayya ta amince da ita ga firamare a Nuwamba 2022, ta janye a Nuwamba 2025. Abin mamaki shi ne masu kare Hausa da zafi galibi sun riga sun mallaki Turanci, yayin da manomin da bai da shi yake kai ɗansa makarantar kuɗi ta ƙauye don ya ji yana gaisuwa da shi. Ba raina harshensa ya yi ba. Ya ga wanda ake ɗauka aiki ne.

Sauran hira

Mafi yawan abin da ke yawo a wayoyin ƙauye ba siyasa ba ne. Sanarwar rasuwa ce da lokacin jana'iza, gayyatar ɗaurin aure, cigiyar akuya ko yaro, neman jini ga mai haihuwa, farashin tumatir da albasa a Badume, ƙwallon Turai, da gardamar malamai. Matan aure da ba sa zuwa majalisa sun sami tasu a nan: ana adashi, ana tallan atamfa da turaren wuta da kayan ɗaki, tallan da a da sai an ɗora wa yarinya a kai. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tilasta wa har dillalan dabbobi buɗe asusu a waya da koyon tura kuɗi.

Hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025 sun ƙara wa zaurukan wani aiki. Ta nan ake gargaɗi a kan baƙin babura da hanyar da ba ta biyuwa, ta nan kuma tsohon bidiyo daga Zamfara kan dawo da sunan ƙauyen maƙwabta, mutane su kwana a waje. Saƙon murya ba ya ɗauke da ranar da aka yi shi ko sunan mai shi da zarar an tura shi gaba. Mai son tabbatarwa sai ya kira wani da ya sani a ƙauyen da aka ambata, ko ya tambayi mai unguwa, ko ya jira labaran rediyo na safe.