Ba Kowane Kumburin Ciki Ne Juna Biyu Ba

Wata malamar asibiti ta yi wa matan ajin yaƙi da jahilci na garin Faru, cikin Ƙaramar Hukumar Maradun, jawabi a kan sankarar gidan ƙwai. Ga abin da ta faɗa musu.

Ta ce kowace mace tana da gidan ƙwai biyu a cikin mararta, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Girman kowanne kamar na dabino ne. A nan wannan ciwo yake tsira. Muguntarsa ita ce ba ya nuna kansa da wuri. Mace za ta ga cikinta yana kumbura. Ta ci tuwo loma uku ta ji ta ƙoshi. Mara tana ciwo, fitsari yana yawan matsa ta. Sai a ce ai kwantaccen ciki ne ya tashi, ko kuwa a ce sammu ne. A yi ta jiƙe-jiƙe har wata shida, ciwo kuwa yana ta cin jiki.

Malamar ta ce ya fi kama matan da suka wuce shekara 50, waɗanda jinin al'ada ya ɗauke musu. Matar da ba ta taɓa haihuwa ba ta fi zama cikin haɗari, haka ma mai ƙiba ƙwarai. Haihuwa da shayar da nono suna rage haɗarin, amma ba su kawar da shi. A nan ta ja kunne, ta ce kada a mai da wannan abin gori ga wadda Allah bai ba haihuwa ba. Kuma ba a ɗaukar ciwon ta cin abinci a ƙwarya ɗaya.

Inda ta fi daɗewa shi ne batun gado. Ta ce a shekarun 1994 da 1995 masana suka gano wasu ƙwayoyin halitta biyu, BRCA1 da BRCA2. Idan ɗaya ta sami illa, tana iya jawo sankarar mama ko ta gidan ƙwai. Mai ɗauke da illar, kowane ɗa da ya haifa zai iya gadonta, zai iya kuɓuta, rabi da rabi ne. Namiji ma yana ɗauke da ita, ya ba 'yarsa. Saboda haka a duba dangin uba kamar yadda ake duba na uwa. Wadda uwarta, ko yayarta, ko goggonta ta yi sankarar mama ko ta gidan ƙwai, ta gaya wa likita. Amma ta ƙara da cewa yawancin masu ciwon ba gadonsa suka yi ba.

Ta roƙi magidanta su ba da izini da kuɗin mota. Idan alamun nan suka kai mako biyu zuwa uku ba su tafi ba, a je babban asibitin Talata Mafara a nemi a ɗauki hoton ciki. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda ake yin tiyata da ba da magani.

Wata dattijuwa ta tambaya, ta ce ƙanwarta ta shekara biyar ba ta ga al'ada ba, ga ciki kuma yana girma. Malamar ta ce, "Inna, wannan ba na ungozoma ba ne. Ku kai ta cikin makon nan."