Aiken Google Kamar Aiken Yaro Ne: Jawabin Kwamitin Wayar da Kai

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, yayye da ƙanne, da mazajenmu da suka zo taya mu murna, sannunku da zuwa. Allah Ya maimaita mana.

Minti kaɗan aka ba mu, kuma a kan wayar nan da ke jakunkunanmu za mu yi magana. Kun san abin da ya sami wata 'yar'uwarmu a daminar bara. Ta rubuta "tallafin mata" a Google, ta danna abin da ya fara fitowa, aka ce ta biya kuɗin fom, ta tura zubin adashenta na wata guda. Har yau shiru kake ji. Ba wauta gare ta ba, kowaccenmu tana iya faɗawa. Shi ya sa muka zauna muka tattaro abubuwa biyar.

Na farko, mu faɗi abin da muke so dalla-dalla. In kika aiki yaro kika ce "sayo mai", ai ba kya yi masa faɗa ba in ya kawo manja alhali man gyaɗa kike nufi. To Google ma haka yake. Maimakon "farashin gyaɗa", ki rubuta "farashin buhun gyaɗa Dawanau", ki ƙara wata da shekara. Ba sai kin gaishe shi ba, kalmomi huɗu ko biyar masu nauyi sun isa. Ki gwada "gyaɗa" ki kuma gwada "gyada", don da yawa masu rubutu ba sa saka lanƙwasa.

Na biyu, mu duba kwanan wata. Google ba ya zubar da tsohon labari. Farashin da aka rubuta kafin cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, in kika yi lissafin ƙuli-ƙulinki da shi yau, wallahi uwar kuɗin ma sai ta tafi. Haka sanarwar tallafi, wata an rufe ta tun shekaru, amma tana nan tana yawo.

Na uku, mu san mai ba mu amsa. Abin da ya fito a sama ɗauke da kalmar "Sponsored" talla ce, kuɗi aka biya aka ɗora ta a wurin. Ki sauka ƙasa, ki karanta adireshin shafi kafin ki danna. Shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya suna ƙarewa da .gov.ng. Masu neman rajistar yaji ko man gyaɗa, na NAFDAC shi ne nafdac.gov.ng. Rajistar sunan kasuwanci kuwa, cac.gov.ng. Akwai ma dabara: in kika fara rubuta site:nafdac.gov.ng sannan tambayarki, daga shafin nan kaɗai zai kawo miki amsa.

Na huɗu, mu binciki mutum kafin mu ba shi kuɗi. Wani kamfani ya ce zai ba mu bashi ko injin markaɗe? Ki rubuta sunansa tsakanin alamomin zance, wato 'yan ɗigon nan biyu-biyu na sama, sai ki ƙara "damfara" ko "scam". Alamomin suna sa Google ya nemo sunan daidai yadda kika rubuta shi. In an taɓa cutar wasu, sau da yawa za ki ga kokensu. In kuma babu labarinsa ko'ina sai a shafinsa, nan ma a yi hattara.

Na biyar, ga iyayenmu da rubutu ke yi wa wuya. Akwai hoton makirufo a gefen wurin rubutu, ki danna ki yi magana. Tun 2024 Google ya saka Hausa cikin harsunan da ake neman abu da murya, sai dai a sa yaro ya zaɓa miki Hausar a saitin waya. In amsa ta zo da Turanci, Google Translate yana mayarwa Hausa. Fassarar takan yi tuntuɓe, don haka a maganar kuɗi ko magani a nemi wanda ya iya ya sake karantawa.

Sai gargaɗi ɗaya da ya fi duk waɗannan. Lambar sirrin katinki, da lambar da banki ke turo miki ta saƙo, kada ki rubuta su a shafin da bincike ya kai ki. Banki ba ya tambayarsu. Duk wanda ya ce ki biya kafin a ba ki kyauta, ki tsaya.

Abin da muke roƙo shi ne, daga yau kada wata ta tura ko sisi saboda abin da ta gani a waya sai ta nuna wa sakatariya ko ɗaya daga cikinmu. Ido huɗu ya fi biyu. Bayan kowane taron wata za mu zauna rabin awa, kowa ta zo da wayarta da caji, mu gwada tare.

Allah Ya tsare mana guminmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu.