AMSAR TAKARDUNKU: Me Alamar Jinjirin Watan Nan Take Nufi?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga Kurfi, daga hannun wani malamin firamare. Ya ce shi da abokinsa na Dutsin-Ma sun ga hoton wani allo mai rubutun da ake kira rongorongo, suka yi ta gardama kan wata alama mai kama da jinjirin wata. Sannan wani mutum ya gaya musu wai irin rubutun nan ne a jikin wani dutse kusa da gonarsu, zai kuma karanta musu inda aka binne dukiya in sun kawo kuɗin rago.

To Malam, mun gode da takarda. Kuɗin ragon dai ku riƙe abinku tukuna, ga dalili.

Shi rongorongo rubutu ne na mutanen wani ɗan tsibiri da ake kira Rapa Nui, ko tsibirin Ista, can tsakiyar tekun Fasifik, kimanin kilomita 3,500 daga ƙasar Cile. A jikin katako suke sassaƙa shi: tsuntsaye, kifaye, mutane, tsirrai, a jere reras. In ka gama layi ɗaya sai ka juya allon kansa ya koma ƙasa, sannan ka kama na biyu. A 1862 da 1863 mafarautan bayi daga ƙasar Peru suka kwashe mutanen tsibirin, har da sarakuna da masana, cutar agana ta biyo baya. Kafin 1877 mutum 111 kaɗai suka rage. Masu karatun suka tafi da karatunsu, allunan da suka tsira kuwa ba su kai 30 ba.

An yi ƙoƙari fa. Wajen 1873 wani limamin Kirista a Tahiti, Jaussen, ya samu wani ɗan tsibirin mai suna Metoro, ya miƙa masa alluna. Metoro ya yi ta rerawa, limami na rubutawa. Da masana suka duba daga baya sai suka ga yawanci sunan abin da ya gani yake faɗi: ga tsuntsu, ga mutum riƙe da kaza. Kamar ka ba yaron da bai shiga makarantar allo ba rubutu, ya ce maka wannan ƙugiya ce, wannan kwale-kwale ne mai ɗigo a ƙasa. Bai yi ƙarya ba, amma ai ba karatu ke nan ba.

Yanzu ga jinjirin watanku. Nan kun taki sa'a, don shi ne wurin da masana suka fi yin ittifaƙi a kansa. A 1958 wani Bajamushe, Thomas Barthel, ya lura cewa a allon da ake kira Mamari, wanda ke ajiye a birnin Rum, wannan alama ta jeru kusan sau 30, an raba ta kashi-kashi, a tsakiya kuma ga wata alama kewayayya kamar wata ya cika. Sai ya ce lissafin dararen wata ne. Ku lura, ba kamanninta kaɗai ya sa aka yarda ba. Yawanta da wurin zamanta ne suka yi daidai da abin da kowa ya sani, mu da muke ƙirga 29 ko 30 kowane azumi mun fi kowa gane wannan. Amma ko a nan ɗin, ba wanda ya iya furta layin da baki yadda masu shi suke furtawa. In kuma ka tsinci alamar ita kaɗai a wani allon, ba ka da ikon rantsewa wata take nufi.

Bari in ba ku misalin wadda har yau ake ja-in-ja a kanta, mai lamba 76 a jerin Barthel. 'Yar ƙaramar alama ce da ake liƙawa a gefen wata. A 1956 Rashawa biyu, Butinov da Knorozov, suka ga wani layi inda alamar da ta zo ta biyu a wannan rukuni ita ke buɗe rukuni na gaba, ga kuma mai lamba 76 tana bin ta. Suka ce wannan ai salsala ce, kamar mu ce Abdulmumini ɗan Kabir, Kabir ɗan Usman Nagogo, Usman Nagogo ɗan Dikko. Ke nan ma'anarta "ɗan wane". A 1995 sai Steven Fischer ya ce a'a, siffarta, a gafarce ni, ta gaban namiji ce, don haka saduwa take nufi: tsuntsu ya sadu da kifi aka haifi rana. Ya dogara da wata sanda da ke Santiyago, inda alamar ta fito fiye da sau 500. Masana da yawa ba su karɓa ba, don in ka bi sandar da wannan ƙa'ida, sai ka iske abu ya haifi kansa, ko magana ta fito ba kai ba gindi. Ni dai ta Rashawan ta fi kwanta mini, don sun kafa hujja da tsarin layi, ba da kama ba. Amma ita ma hasashe ce.

Rubutun Fir'aunoni da aka warware a 1822, an samu dutse ne mai magana ɗaya cikin rubutun Masar da na Girka, aka gwada wannan da wancan. Rongorongo bai samu irin wannan gata ba.

To Malam, rubutun da ya gagari masana sama da shekara 150, wanda kuma ba a taɓa samunsa a wajen tsibirinsa ba, ya za a yi ya faɗo gonarku har mai rago ya karanta? Duwatsun ƙasarmu suna da nasu alamu. Akwai ramukan niƙa, akwai gurabun dara, akwai kuma zanen shanu na mutanen da irin na Birnin Kudu a Jihar Jigawa. In haruffa ne masu da'ira da ɗigo da sanduna, ku nuna wa Buzun da ya iya Tifinag, wataƙila ya gane wasu. Kada ku fasa dutsen, kada ku kankare. Ku ɗauki hotonsa gaba ɗaya, da safe ko da yamma sa'ad da inuwa ke fito da zane, ku sanar da mai gari, sannan ku kai hoton gidan adana kayan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina.

A gaida mutanen Kurfi da Dutsin-Ma. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.