Jiragen da Suka Bi Hanyar Alhazai



Hanyar da kakanninmu suka biyo da ƙafa daga ƙasar Hausa zuwa Sudan, wata da watanni, ita ce jiragen yaƙi suka bi ta sama. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na sojan Ingila ƙirar DH.9A suka sauka Kano. Daga Masar suka taso, suka ratso Sudan. Jikinsu katako ne da yadi, matuƙi na zaune a buɗe, iska na dukansa.

Daga 1940 kuma, lokacin yaƙin duniya na biyu, akan haɗa jirage irin su Hurricane a Takoradi, ƙasar Gana ta yau, su biyo Legas, Kano, Maiduguri, Fashir, Hartum, har Alƙahira. Dubbai suka wuce ta nan.

Mai son ganin tsofaffin jiragen yaƙi ido da ido, akwai DH.9A a gidan tarihin sojan sama na Landan. A Nijeriya, gidan tarihin yaƙi na Umuahia na ajiye da MiG-17 da Il-28 na yaƙin basasar 1967 zuwa 1970. In ka tsaya ƙarƙashin fiffiken, wallahi ƙarfe ne kawai da ƙusoshi.

To amma mu nan, tun Afrilun 2023, yaro in ya ji rugugin jirgi ba ya ɗaga kai, maɓoya yake nema. Allah ya nuna mana ranar da na yau ma za a ajiye su, mu kai yara su taɓa.