Karatun Waje: Mu Riƙa Ƙirga Waɗanda Suka Dawo

 

An ce in yi magana a kan tura ɗalibai karatu ƙasashen waje. To, ku mutanen wannan tafiya ba sai na tsaya ina gaya muku amfaninsa ba. Kun ga ɗalibai 501 da gwamnatin Kwankwaso ta tura karatun digiri na biyu a zangonsa na biyu, kun ga matasan da aka kai Jodan koyon tuƙin jirgin sama, kun kuma ga yadda gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta dawo da shirin a 2023 da gurabe 1,001, aka kai yara Indiya da Yuganda. Ɗan mai gadi ya hau jirgi, 'yar mai ƙosai ta dawo da digiri. Duk wanda ya ce wannan ba komai ba ne, ya je ya tambayi iyayensu.

Amma fa mu kanmu akwai abin da muke yi da ba na jin daɗinsa. Ranar tashi, filin jirgin Malam Aminu Kano ya cika, hotuna sun cika Facebook. Bayan wata shida shiru kake ji. Wa ke tambayar ko an biya kuɗin zango na biyu? Wa ya san ko yaron nan yana cin abinci sau uku?

Bari mu yi lissafi, domin a nan gizo ke saƙar. Makarantar waje ba ta karɓar naira. Kafin watan Yunin 2023, dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 ce. Da aka sake wa naira mara, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. A ce kuɗin makarantar ɗalibi dala 5,000 ne a shekara. Da can naira miliyan biyu da dubu ɗari uku ta isa, sai ga shi ana neman miliyan bakwai da rabi, alhali makarantar ba ta ƙara ko sisi ba. Kasafin da aka yi da naira ya narke a hannu. Idan kuɗi suka makale, ba kwamishina ake hana shiga ɗakin jarrabawa ba, yaron ake hanawa. Shi mai gida zai yi wa notis, shi bizarsa za ta ƙare, a ƙasar da ba shi da kawu ko goggo. Ɗaliban Gwamnatin Tarayya da ke Maroko da Rasha a ƙarƙashin yarjejeniyar musayar ilimi sun sha kukan alawus ɗinsu na watanni, kowa ya ji su. Saboda haka ra'ayina, kada jirgi ya tashi da yaro sai an ware kuɗin karatunsa kaf, da dala, har ranar kammalawa. Gara a tura ɗari uku su gama da a tura dubu su maƙale. Kuma idan an ware haka, ko mulki ya canza hannu, ɗalibi ba zai zama abin ramuwar gayya ba.

Sai batun inda ake kai su. Iyayen da 'ya'yansu ke Sudan a watan Afrilun 2023 ba za su manta ba, yadda aka kwaso yara a motoci cikin hamada suka yi kwanaki a kan iyakar Masar. Yaƙi ba ya sallama, wannan mun yarda. Amma ingancin makaranta ana iya bincikarsa tun daga gida. Kun tuna ɗan jaridar nan da ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida? Sanadiyyar haka, a watan Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digirin Benin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Ina roƙon iyayen da ke tura 'ya'ya da kuɗinsu, wasu har da sayar da gona: kafin ka ba ejan ko kwabo, ka tabbatar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta san da zaman makarantar.

Abin da ya fi damuna shi ne dawowa. Likitan da ya yi karatu a waje ba ya taɓa maras lafiya a Najeriya sai ya ci jarrabawar majalisar da ke ba likitoci lasisi, sannan ya samu asibitin da zai yi shekara ɗaya ta horo. Matuƙin jirgi kuwa, lasisin makaranta kaɗai ba ya sa kamfani ya miƙa masa jirgi, sai da ƙarin horo a kan irin jirgin, shi ma da dala ake biya. Idan ba a tanadi wannan ba, mun gina gida mun bar shi ba rufi. Yaro zai zauna shekara biyu a majalisar unguwa, daga nan Saudiyya ko Ingila su ɗauke shi, da kuɗin talakan Kano aka rene shi.

Wani zai ce wannan magana abokan hamayya za ta yi wa daɗi. A'a. Mai abu shi ke da haƙƙin gyara abinsa.

Don haka ga aikin da nake so mu ɗauka daga yau. Kowace mazaɓa, shugaban matasa da shugabar mata su zauna su rubuta waɗanda aka tura daga cikinsu tun 2012: wa ya gama, wa ke aiki, a ina, wa ke zaune a gida, kuma me ya tsayar da shi. A haɗa a kai wa hukumar ba da tallafin karatu da 'yan majalisarmu kafin a zauna kasafin baɗi. Iyayen da 'ya'yansu ke waje yanzu kuma, don Allah ku tsaya bayan an tashi, za mu fara da ku.