Jawabi a Kan Ciwon da Ke Cin Damatsa Ya Bar Ƙafafu



Mu nan Sabo da hannu muke ci. Ɗan dako, mahauci, mai ɗaurin huhun goro, duk ƙarfin damtse ne jarinsu. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan wani ciwo da ba a cika gani ba.

Reshe ne na cutar ALS, wadda ke kashe jijiyoyin da ke ba tsoka umarnin motsi. Wani likitan Faransa, Vulpian, ya bayyana shi tun 1886. Ya fi kama maza, galibi daga shekara 50 zuwa sama. Daga kafaɗa yakan fara: nama ya zube, sa hula ya gagara, a ƙarshe hannu biyu su riƙa lilo. Amma mutum na tafiya, yana magana, in an taɓa shi yana ji.

To, nan muke ruɗewa. Wani ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, wani ya ce jifa. Alhali shanyewa farat ɗaya take zuwa, gefe guda. Shi ko wannan sannu a hankali yake ci.

Babu gwajin jini ɗaya da ke nuna shi. Likitan jijiya zai sa 'yar siririyar allura cikin tsoka ya auna aikinta da na'ura, ya gwada gudun saƙo a jijiya, ya ɗauki hoton MRI na wuya. Kuma sai ciwon ya yi aƙalla wata 12 bai wuce hannuwa ba kafin a ba shi wannan suna.

Me ya sa za mu je da wuri? Domin akwai masu kama da shi da ke jin magani, kamar ƙashin wuya ya danne laka, ko garkuwar jiki ta far wa jijiya. Wanda ya zauna gida ya yi asarar wannan dama. In ma shi ne, ba a warkewa, amma masu shi sun fi sauran masu ALS daɗewa, kuma ana taimaka musu da motsa gaɓoɓi.

Asibitin koyarwa na UCH ga shi kusa da mu, inda marigayi Farfesa Osuntokun ya yi bincike kan cutar a jikin 'yan Nijeriya. Duk wanda muka ga kafaɗunsa na zubewa, mu raka shi, mu haɗa masa kuɗin gwaji.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.